Gudummawar Malamin Hausa Wajen Gwajin Bayyanar Haruffa a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne nuna hanyar da malamin Hausa zai bi ya shiga aikin gwajin manhajojin da ke zana haruffa a fuskar kwamfuta da wayar hannu. Alal misali, malamin firamare a Zandam, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, zai iya buga takardar jarrabawa, sai ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ ko ɗ. In ya gaji ya koma ga k da d, to ya haɗe "ƙafa" da "kafa", ya kuma rikita ɗalibansa.

2.0 Inda Matsalar Take

Abubuwa biyu ne ke aiki a nan. Na farko shi ne zubin haruffa, watau siffofin da aka zana, kamar Noto na kamfanin Google, ko Alkalami wanda ƙungiyar SIL ta fitar a 2017 bisa salon ajamin Kano. Na biyu shi ne manhajar da ke jera siffofin, kamar HarfBuzz, wadda Android da Firefox da LibreOffice ke amfani da ita. Dukkansu a buɗe suke, kowa na da ikon dubawa da gyarawa. Fitowar akwati alama ce ta rashin harafin a cikin zubin. Amma idan wasali ya kauce daga mazauninsa a ajami, to sai an bincika sassan biyu.

3.0 Matakan Farawa

Da farko, mai koyo zai tara gajerun kalmomi masu ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Sannan ya zana su da hb-view, wata ƙaramar manhaja da ke tare da HarfBuzz, ya gwama da rubutun hannu ingantacce. Idan ya ga saɓani, sai ya kai rahoto a GitHub, ya ambaci sunan zubin, da lambar harafin a tsarin Unicode (ta ƙ ita ce U+0199), da hoton abin da ya fito, da yadda ya kamata ya fito. Rahoto irin wannan shi masana ke mayarwa gwaji na dindindin, domin kada kuskuren ya sake dawowa.

4.0 Kammalawa

A ganinmu, wannan mataki bai buƙatar ƙwarewa a rubuta manhaja. Abin da masu aikin suka fi rasa shi ne idon wanda ya san daidai, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Don haka muna ba da shawarar a sanya wannan gwaji cikin darussan ƙa'idojin rubutu a kwalejojinmu na ilimi.