Shirin Musamman: Daga Ɗakin Injina Zuwa Gonakin Magarya da Dungas

(Kiɗan buɗe shiri)



Da watan Mayu ya kama, zance ɗaya ne a bakin kowa, a kasuwa, a bakin rijiya, a ƙofar masallaci bayan la'asar: yaushe ruwan shuka zai sauka? Dattawa suna duban ko shamuwa ta dawo ta yi sheƙa. Suna duban gawo ko ya soma zubar da ganye, suna jin iska ko ta juyo daga kudu da danshi a jikinta. Wani ya yi binne, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ya zauna jira. Wani ya ce shi sai ƙasa ta sha sosai. Kowa ya san abin tsoron: ruwa ya zubo sau ɗaya, hatsi ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone, mai gida ya koma neman iri a lokacin da tiya ta fi tsada.

Yau za mu bi sawun hasashen yanayin nan da kuke ji a rediyo, mu ga daga ina yake fitowa, da kuma wa ya biya kuɗinsa.

Masana sukan raba iskar da ke lulluɓe da duniya gida-gida, kamar yadda ake yanka fangali a lambu. A cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, kowane gida faɗinsa kilomita 9 ne, an kuma jera su hawa 137 daga ƙasa zuwa can sama. Sai a zuba musu awon zafi da danshi da ƙarfin iska, wanda aka tattaro daga tashoshin ƙasa, da balan-balan da ake saki sama, da jiragen sama da na ruwa, da taurarin ɗan'adam. Daga nan kwamfuta ta shiga lissafin yadda kowane gida zai taɓa maƙwabcinsa, mataki bayan mataki, har kwana goma ko fiye. Ba sau ɗaya ake lissafin ba: ana maimaita shi sau hamsin, kowane karo a ɗan sauya awon farko. Idan talatin daga ciki suka nuna ruwa, shi ne za ku ji an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 60 cikin ɗari. A shekarar 1922 wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi da hannu kafin a cim ma saurin yanayi. Yau injina ne ke wannan aiki, kuma gwamnatoci ne ke sayensu ta hanyar kwangila.

Ku ji farashin. A watan Janairu na 2020, cibiyar Turai ta sa hannu da kamfanin Atos na Faransa kan kwangilar fiye da yuro miliyan 80, wato sama da sefa biliyan 52, aka girka injin a birnin Bolonya na Italiya, ya soma aiki a 2022. Amurka ta ba General Dynamics kwangilar da za ta iya kaiwa dala miliyan 505 cikin shekara goma, aka kafa injina biyu tagwaye, ɗaya a Bajiniya ɗaya a Arizona, domin in ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗauka. Ingila kuwa fam biliyan 1.2 ta ware, ta ba Microsoft aikin a 2021. Atos da ya nema bai samu ba ya kai ƙara kotu cewa ba a yi masa adalci wajen tantancewa ba, aka sasanta a 2022 gwamnati ta biya shi fam miliyan 24. Wannan ya nuna cewa ko a can, rubuta sharuɗɗan kwangila da tantance masu nema aiki ne da kuskure a cikinsa ke cin dukiyar jama'a.

(Gajeren kiɗa)

Mu dawo gida. Yamai ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar AGRHYMET tana can tun 1974, an kafa ta ne bayan farin da ya kashe dabbobi da mutane a yankin Sahel a farkon shekarun 1970. Cibiyar ACMAD, mai yi wa Afirka baki ɗaya aiki, ita ma a Yamai take. Ta wani shiri mai suna SAWIDRA, da kuɗin Tarayyar Turai ta hannun Bankin Raya Afirka, an samar wa cibiyoyin nan manyan kwamfutoci da tashar karɓar bayanan tauraron ɗan'adam. Kowace shekara kafin damina, masana na ƙasashen yankin sukan hallara su fitar da hasashen damina, sannan ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa ta fassara shi jiha-jiha.

To me ya sa har yanzu manomin Bande ko Guci yakan ce an faɗa ba ta yi ba?

Dalili na farko halin ruwanmu ne. Mafi yawan ruwan da ke shayar da gonakinmu daga hadarin gabas yake zuwa, wanda ke haɗuwa cikin sa'o'i kaɗan, ya taso da guguwa da ƙura, ya zubar ya wuce yamma. Kun sha gani an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Waca, Dogo-Dogo ko ɗigo. Irin wannan hadari yana ba manyan injinan duniya wahala, domin inda yake tsirowa ya fi gidan lissafinsu ƙanƙanta.

Dalili na biyu ya fi damuna, domin shi yana da magani. Inji ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa a Afirka tasha ɗaya ce ke gadin murabba'in kilomita 26,000, kashi ɗaya cikin takwas ke nan na abin da ya kamata. Balan-balan ɗin awo ana sakinsa sau biyu a rana, kowane saki da kuɗinsa. Ranar da aka rasa kuɗin, injin Bolonya ma lalube yake a kan samaniyarmu. Sai wutar lantarki. Babbar kwamfuta ba ta barci, tana son wuta da sanyi dare da rana, kuma duk mun tuna yadda aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023.

Don haka duk ranar da hukuma za ta zauna rubuta irin wannan kwangila, ina roƙon kada a tsaya ga injin kaɗai. A rubuta kuɗin gyara na shekaru, da wutar rana, da horar da ƴaƴanmu da za su riƙe shi bayan masu girkawa sun koma ƙasarsu. A sa ma'aunin ruwa a hannun manoma ƙauye-ƙauye, mutum ya duba da safe ya ga ko an kai milimita 20 ɗin da malaman gona ke cewa a jira kafin shuka, ya aika adadin ta salula. A kuma ware kuɗin da zai kai labari ga mutane da Hausa da Fulatanci da Barbarci.

A 2024 hasashe bai yi ƙarya ba. Tun watan Afrilu masana suka ce daminar Sahel za ta yi ruwa fiye da yadda aka saba. Ruwan ya zo, ambaliya ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin Nijar, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon watan Satumba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tambayar da nake bar muku ita ce: a cikinku masu gidajen ƙasa a bakin ƙorama da tafkuna, mutum nawa ne wannan gargaɗi ya iske tun da sauran lokacin yin yaɓe da haƙa magudana?

Layukanmu a buɗe suke. Ku kira ku gaya mana ranar da kuka yi shuka bara, da kuma inda kuka samu labarin ruwa.

(Kiɗan rufe shiri)