Daɓen Zamani: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zuba Jari a Kankaren Ado ko Dutse

Duk wanda ya shiga sababbin otal-otal, da bankuna, da rukunin shaguna a Abuja ko Legas ko Kano, abu na farko da idonsa zai sauka a kansa shi ne daɓen ƙasa. Wasu sun shimfiɗa mabul, wasu giranit, wasu kuma kankaren da aka yi wa launi da zane har ya yi kama da sassaƙaƙƙen dutse. Sai dai da yawa daga masu irin waɗannan gine-gine suna lissafin kuɗin saye da na aiki ne kawai, su manta da na kulawa, alhali kuwa a nan ne riba ko hasara take.

Wannan lissafi ya ƙara muhimmanci tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira, abin da ya sa kayan gini da ake shigowa da su daga Italiya da Sifen da Turkiyya da Indiya da Sin suka yi tsada ƙwarai. Shi ma siminti, wanda ake yi a gida a masana'antu irin na Obajana da Ashaka da Sakkwato da Ewekoro, farashin buhunsa ya haura naira dubu 10 a wurare da dama a farkon shekarar 2024. Saboda haka daɓen da ya lalace ba abu ne da za a sake shi cikin sauƙi ba.

Kankaren ado ya kasu kashi-kashi. Akwai tarazo, wanda asalinsa daga yankin Benis na ƙasar Italiya yake, inda ake cuɗa ɓarɓashin mabul da siminti, a bari ya ƙanƙare, sannan a goge shi da inji har ya yi santsi. Shi ne daɓen da aka yi wa da dama daga cikin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati a shekarun 1960 da 1970, kuma da yawa suna nan har yau. Akwai kuma kankaren hatimi, wanda aka fara bunƙasa shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, inda ake barbaɗa launi a kan kankare tun yana ɗanye, a danna masa faifan roba mai zanen dutse ko bulo. Sai kuma intalok, wato tubalan da ake jerawa a farfajiyar gidajen mai da wuraren ajiye motoci, wanda amfaninsa shi ne idan wani sashe ya lotsa, ana iya cire shi a gyara ba tare da an fasa sauran ba.

Ingancin duk waɗannan yana rataye ne a kan makonnin farko. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Siminti ne ke haɗuwa da ruwa sannu a hankali, shi ya sa ake auna ƙarfinsa bayan kwana 28. Wajibi ne a riƙa ba shi ruwa ko a rufe shi da leda na aƙalla kwana 7, musamman a lokacin hunturu da bazara da iska ke zuƙe danshi da sauri. Haka kuma, daɓe mai kaurin santimita 10 yana bukatar a tsaga masa layi kusan kowane mita 3, domin idan zai tsage ya bi layin, kada ya ratsa tsakiyar zane. Ɗan kwangilar da ya tsallake waɗannan matakai don ya gama da wuri, mai gini ne zai biya kuɗin gaggawar tasa daga baya.

A ɓangaren dutse kuwa, Allah ya hore wa Nijeriya mabul a Jakura ta jihar Kogi, da Igbeti ta jihar Oyo, da Okpella ta jihar Edo, ga kuma giranit birjik, wanda ake fasa shi a wurare irin su Mpape da ke gefen Abuja. Amma duwatsun biyu ba halinsu ɗaya ba, ko da yake a rumfa ɗaya akan sayar da su. Mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, yana da laushi. A ma'aunin taurin ma'adinai mai mataki 10, yana kan mataki na 3. Giranit kuwa ma'adinan da suka fi yawa a cikinsa suna tsakanin 6 da 7. Ma'anar wannan ita ce, yashin da ke biyo takalmin abokin ciniki ya fi mabul tauri, kuma kowane taku yana kankare shi kamar sanfefa, amma giranit yana jurewa.

Babbar hasarar da ake tafkawa ita ce ta wanki da asid. Sanannen abu ne idan magina sun gama aiki, masu shara su zuba asid don cire ragowar siminti, ko kuma a ɗauki ruwan wanke bayan gida a goge daɓe da shi. Asid yana narkar da sinadarin da aka yi mabul da shi, haka ma siminti, don haka mabul da tarazo da kankaren ado duk suna cikin haɗari. Nan take ƙyallin yake dusashewa, ya bar wani farin tabo wanda ba datti ba ne balle a wanke, fuskar dutsen ce ta cinye. Ruwan lemun tsami da tsamiya da zoɓo da lemun kwalba su ma suna yin wannan ɓarna idan suka jima a kai. Idan ɓarnar ta yi yawa, maganinta shi ne a kira masu inji su sake goge daɓen, wanda ke nufin kashe kuɗi da kuma rufe wurin sana'a na wasu kwanaki.

Kulawar da ta dace ba ta da tsada. A ajiye tabarmar goge ƙafa a kowace ƙofa, a share ƙura kullum kafin a sa ruwa, a yi amfani da sabulun ruwa mai sauƙi wanda ba shi da tsami kuma ba shi da zafin kanwa. Manja ko baƙin mai ko tofin goro idan ya zuba, a tsane shi da ƙyalle nan take. Idan mai ya riga ya shige, ana kwaɓa bakar soda da ruwa kamar kunu mai kauri, a shafa, a rufe da leda kwana ɗaya ko biyu don ya zuƙo shi.

Sannan akwai man rufe ƙofofin dutse, wanda masu sana'ar ke kira sila. Kakanninmu sun san hikimarsa, domin makubar da mata ke yayyafa wa daɓen gargajiya irin wannan aiki take yi. Kankaren hatimi da ke waje yana bukatar a sabunta masa shi duk bayan shekara 2 ko 3. Shi kuwa dutse, gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a bar shi 'yan mintoci, idan wurin ya yi duhu, to ya sha, lokacin shafawa ya yi.

Ga mai zuba jari, ma'aunin da ya kamata ya riƙe shi ne kuɗin daɓe a kowace shekara ta rayuwarsa. A misali, daɓen da ya ci naira miliyan 6 ya yi shekara 30, dubu 200 ya ci a shekara, amma na miliyan 4 da ya mutu a shekara 8, dubu 500 ya ci. Saboda haka ya kyautu a sa giranit ko tarazo a inda jama'a ke yawan takawa, a bar mabul ga bango da wuraren da ba su da zirga-zirga, a rubuta kwanakin ba kankare ruwa a cikin yarjejeniyar kwangila, sannan a haramta wa ma'aikatan shara shigo da asid cikin gini. Wanda ya kiyaye waɗannan, daɓensa zai kai lokacin da 'ya'yansa za su gaji wurin.