Motar da Za Ta Ja Tirelar Ƙungiya: A Auna Kaya Kafin a Zaɓi Mota

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun kai matsayin da jaki da amalanke ba sa isar su. Taki yakan iso a makare domin rashin abin ɗauka. Hatsi kuma yakan zauna a ƙauye har 'yan baranda su zo su sa masa kuɗin da suka ga dama. Shi ya sa ake yawan kawo shawara a sayi babbar mota mai ja da ƙafa huɗu, a ɗaura mata tirela a baya.

Shawarar tana da kyau. Amma kuɗin gumin membobi ne, wani lokaci har da gudummawar ikkilisiya a ciki, ga kuma ran direba da na masu rakiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga mota ta yi kyau a ido a saya, daga baya a soma tambaya ko za ta iya aikin. Sai mu bi abin daki-daki: kaya tukuna, sa'an nan tirela, sa'an nan hanya, mota kuwa daga ƙarshe.

1. Nauyin kaya

Buhun takin zamani kilo 50 ne. Babban buhun masara yakan kai kilo 100. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, watau durom mai lita 200 yana ɗauke da ruwa kilo 200, ban da nauyin durom ɗin. Tirela ma tana da nata nauyi tun ba a sa mata kome ba, kuma tilas a lissafa shi.

A Ingila mutane da yawa suna jan ɗakin kwana mai ƙafafu da motocinsu idan za su hutu. Ƙungiyoyinsu suna ba sabon direba wannan shawara: abin da zai ja kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Ba doka ba ce, amma dalilinta ya shafe mu, gama idan abin da ke baya ya fi na gaba nauyi, shi ne zai riƙa juya motar.

Ga misali. A ce mota ba kaya kilo 2,000 ce. Kashi 85 nata ya zama kilo 1,700. Idan tirela ita kaɗai kilo 500 ce, saura kilo 1,200 na kaya. Watau buhun taki 24, ko buhun masara 12. Ma'aji ya rubuta irin wannan lissafi a allo kowa ya gani, kafin a yi zancen kuɗi.

2. Abin da masu ƙera motar suka yarda

Kowace mota tana da iyakar abin da aka yarda ta ja. Ana samunta a littafin motar. Akwai kuma ɗan farantin ƙarfe ko takarda a jikin ƙofa ko kusa da inji. A yawancin motocin da aka shigo da su daga Turai, lamba ta fari ita ce iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu kuwa iyakar nauyin mota da tirela gaba ɗaya.

Manyan motoci irin su Land Cruiser da tsohuwar Land Rover Defender an yarda su ja har kilo 3,500. Hilux kuwa ya danganta da shekara da irin injinta, wata 2,500, wata har 3,500. Amma a lura ƙwarai, wannan lamba ta tirela mai birki ce. Tirelar da ba ta da birkin kanta iyakarta kilo 750, kome girman motar.

Kada kuma a ce za a cika bayan motar da lodi, a zuba mutane a kai, sa'an nan a ja cikakkiyar tirela. Lamba ta biyu ta haɗa duka. Abin da aka ƙara a mota sai an rage shi a tirela.

3. Tsayawa ta fi ja wuya

Kusan kowace mota za ta iya jan kaya a fili. Tambayar ita ce, za ta iya tsayar da su? Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo daga Jos, ko ya gangaro daga tsaunin Mambila, ya san yadda lodi yake tura mota daga baya. Idan direba ya dinga taka birki, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa.

Yawancin tirelolin da masu walda suke haɗa mana da tsohon gatarin mota ba su da birki ko kaɗan. Idan irin wannan tirela ta kai kilo 350, buhun taki 8 ne kawai haƙƙinta. Ƙungiyar da take nufin ɗaukar fiye da haka ta nemi tirela mai birki. Akwai mai kama kansa: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo gaba, turawar nan ce take matse birkinta. Ta fi tsada, amma araha ba ta ado.

A gangare kuwa direba ya sa ƙaramar giya tun daga sama, ya bar inji ya riƙe motar. Kada ya kuskura ya fitar da giya wai don tsimin mai.

4. Mene ne amfanin ƙafa huɗu?

Ƙafa huɗu ba ta ƙara wa mota birki, ba ta kuma ƙara iyakar lodi. Aikinta shi ne ta hana taya zamewa cikin taɓo da rairayi da hawa mai tsakuwa. Idan hanyarku kwalta ce duk shekara, ba lalle ku biya kuɗin ƙafa huɗu ba. Tsofaffinmu sun tuna yadda akori-kura ƙirar Peugeot, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ta yi wa manoma aiki da ƙafa biyu na baya kawai. Amma idan akwai fadama ko rafi tsakaninku da babbar hanya, a watan Agusta za ku gode wa ƙafa huɗu.

Ba kowace mota mai tsawo da sheƙi ce ta aiki ba. Ku nemi abu uku. Na ɗaya, ta kasance da giyar ƙarfi, wadda ake rubuta mata 4L ko L4. Ita ce take ba mota damar tashi da lodi a hankali ba tare da an ƙone kuloci ba. Na biyu, gangar jikinta ta zauna a kan shasi na ƙarfe mai kamar tsani. Na uku, ta yi tsawo daga gaba zuwa baya, gama gajeriyar mota tirela tana saurin kaɗa ta.

A Hilux da Land Cruiser ta aiki, idan aka hau busasshiyar kwalta sai a komar da mota ƙafa biyu. Barinta a ƙafa huɗu a kan kwalta yana murɗe ƙarafan ƙasa, yana kuma cin taya.

5. Wurin ɗauri da jera kaya

Ƙugiyar ja tilas a ɗaure ta da noti a jikin shasi. Wadda aka liƙa da walda a bamba ranar wahala za ta ɓalle. Ƙwallon da aka saba da shi milimita 50 ne, bakin tirela kuma ya yi daidai da shi. A ƙara sarƙa ta biyu domin ko ƙugiya ta fita. Fitilun birki da na kwana su yi aiki a bayan tirela.

Wajen lodi, kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da gatari, kaɗan zuwa gaba. Nauyin da bakin tirela yake dannawa a kan ƙugiya ya zama kusan kashi ɗaya cikin goma na dukan nauyinta, ko ƙasa da haka kaɗan. Idan lodi ya taru a baya, tirela za ta soma wutsiya. In haka ta faru, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, kada ya taka birki da ƙarfi. A kan kwalta gudun kilomita 60 a awa ya isa. Sauri ya haifi nawa.

6. Gyara da mai

Mota mai kyau ita ce wadda makanikin garinku ya san cikinta. An daina ƙera tsohuwar Defender a 2016. Land Cruiser jerin 70 kuwa tun 1984 ake yin ta, Hilux tun 1968, shi ya sa kayan gyaransu suka fi samuwa a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Injin gas ya fi na fetur ƙarfin ja a ƙaramin gudu. Tsohon injin nan 1HZ mai lita 4.2 ba shi da sauri, amma ba shi da tarkacen kwamfuta, yana kuma haƙuri da wahala. Sababbin injunan gas ba sa jimre wa gurɓataccen mai.

Idan ta hannu za ku saya, makanikinku ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa da tsagewa a shasi, ya duba lagireto da kuloci da sifirin. Sa'an nan a ɗaura mata tirela da lodi, a hau tudu da ita, ana kallon allurar zafi.

Jan tirela yana ƙara shan mai ƙwarai, mai kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Kowane buhu da aka ɗauka a biya masa kuɗi, ko na shugaba ne ko na fasto. Daga ciki a ware na mai, na direba, na taya, da na ranar da inji zai nemi gyara.

Shawara ga kwamiti

Ku zauna ku lissafa buhu nawa kuke ɗauka a shekara da tafiya nawa za a yi. Idan motar za ta yi wata takwas a ajiye, haya ta fi muku, ko ku haɗa kai da ƙungiyoyin majami'u biyu ko uku na gundumarku. Idan lissafi ya nuna saye, a naɗa direba ɗaya mai lasisi, a ajiye littafin tafiya, a kuma rubuta iyakar buhuna da fenti a jikin tirela. Wannan zai taimaki direba ranar da wani babba ya ce a ƙara biyar kawai. Kada a ɗauki mutum a cikin tirela, ko ranar taron zumunta ne.

Dukiyar ƙungiya amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙonta, ya kuma kiyaye fitarmu da shigarmu.