Ruwa ba ya tsami banza: darasin sinadarai daga gonar albasa

A noman ranin bana na ziyarci wata gonar albasa a gefen Aliero, na tarar da wani saurayi yana feshin maganin ƙwari, ba safar hannu, ba takunkumi. Da ya gama, sai ya ɗauraye hannunsa a ruwan ban-ruwa ya zauna cin abinci. Hira ta nuna mini ɗalibin ajin ƙarshe ne a sakandare. Na tambaye shi siffar ƙwayar ruwa, nan take ya amsa: haidurojin biyu, oksijin ɗaya, kusurwar digiri 104.5. Ya haddace amsar tsaf, amma bai san ta shafi hannun da yake kaiwa baki ba.

Ƙwayar ruwa tanƙwararriya ce kamar gwafa. Oksijin ya fi haidurojin ƙarfin jan elektiron, don haka gefensa yana ɗauke da cajin lantarki iri guda, gefen haidurojin kuma kishiyarsa. Da a miƙe take kamar ƙwayar kabon dayoksaid da muke fitarwa a numfashi, da jan ɓangarorin biyu ya soke juna. Wannan tanƙwara ce ta sa ruwa ke narkar da gishiri da sukari, domin yana da inda zai kama su. Man gyaɗa da fetur kuwa ba su da irin wannan gefe, shi ya sa suke raba gari da ruwa.

Magungunan ƙwari da dama dangin mai ne. Duk wanda ya taɓa haɗa su ya ga yadda ruwan ke yin fari kamar madara: maganin bai narke ba, ya watsu ne cikin ƙananan ɗigo. Fatar mutum tana da maiƙo, saboda haka maganin yakan lafe mata, ya ratsa jiki a hankali, ruwa zalla kuma ya wuce ta kansa. Sabulu ne ke raba gardama, domin ƙwayarsa doguwa ce mai baki biyu: ɗaya ya kama mai, ɗaya ya riƙe ruwa, su tafi tare.

Haka lamarin yake ga manoman shinkafa na fadamun Jega da Maiyama masu ban-ruwa da injin fetur. Idan wuta ta kama fetur aka watsa mata ruwa, fetur ɗin zai taso sama ya bi ruwan, gobara ta ƙara faɗi. Yashi ko ƙasa ne maganinta.

Tun shekarar 2006 Aliero ke da jami'ar kimiyya da fasaha. A ganina, hakkin maƙwabtaka ne malamanta da ɗalibanta su fito da wannan ilimi zuwa kasuwa da rediyo da bakin gona, cikin Hausar da manomi zai gane. Malaman sakandare su ma su shiga aji da kwalbar mai da ruwa da guntun sabulu kafin su ɗauki alli.

Kafin mu rabu, na miƙa wa saurayin sabulun da ke cikin motata. Ya wanke hannu sau biyu, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa albasa ke sa hawaye. Na ce masa ya kai tambayar aji ranar Litinin.