Yadda ake tono amsa daga kundin taimakon Vim idan ba a san sunan abin da ake nema ba

Manhajar rubutu ta Vim, wadda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a shekarar 1991 kuma ya kula da ita har rasuwarsa a watan Agustan 2023, tana zuwa da kundin bayani mai kauri a cikinta. Kundin yana zaune a kan kwamfutar mutum, ba ya bukatar intanet ko data. Sai dai umarnin da kowa ya sani, wato :help, yana da sharaɗi guda: dole mai nema ya san sunan batun da yake so, ko wani abu kusa da shi. Wanda bai san sunan ba, sai ya yi ta lalube a duhu.

A nan ne :helpgrep ke shigowa. Shi wannan umarni ba kanun batutuwa yake dubawa ba, yana bin kowane layi na fayilolin taimakon ne, yana neman siffar rubutun da aka zayyana masa. Wannan hanya ta zayyana siffa, wadda masana ke kira regex, ta samo tushe daga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a shekarun 1950, kafin Ken Thompson ya shigar da ita cikin manhajojin rubutu a shekarun 1960.

A ɗauki misalin ɗan jarida da ke riƙe da sunayen majiyoyinsa a fayil, yana son kulle shi da kalmar sirri, amma bai san umarnin ba. Idan ya rubuta :helpgrep \(en\|de\)crypt, Vim za ta tattaro duk layin da ya ambaci kullewa ko buɗewa, domin alamar \| tana nufin "wannan ko wancan". Daga nan :copen zai buɗe jerin sakamakon a wata taga, :cnext kuma ya kai shi na gaba. A cikin jerin zai ci karo da umarnin :X da zaɓin cryptmethod, tare da gargaɗin da ya fi komai muhimmanci a gare shi: tsohuwar hanyar zip mai rauni ce, bai kamata a damƙa mata sirrin da ran wani ya rataya a kansa ba. Mai amfani da Neovim kuwa ba zai sami wannan kulle ba ko kaɗan, don an cire shi daga can.

Akwai tarko ɗaya da ke yawan kama sababbin shiga. Umarnin yana bambance manyan haruffa da ƙanana, ko da mutum ya saita manhajarsa ta yi biris da bambancin. Maganin shi ne a ƙara \c a cikin siffar. Idan kuma sakamako ya yi yawa, alamomin \< da \> sukan tsare kalma daga farkonta zuwa ƙarshenta, ta yadda neman \<tab\> ba zai kwaso table ba.

Kundin da Turanci aka rubuta shi, don haka da kalmar Turanci ake nema. Amma ko guntun kalma da mutum ya tuna ya isa a fara da shi.