Abin da Tsaga Take Faɗa wa Mai Gasa Gilashi

Farantin gilashi yana iya fitowa daga tanderu sumul, a wanke shi, a ɗora kan kanta, bayan kwana uku ko ma wata guda a ji ƙas! Ko da aka duba, ya rabe biyu, ba kuwa wanda ya taɓa shi. Masu sana'ar haɗa gilashi da wuta sun san wannan takaici. Aikinsu shi ne su yanka gilasai masu launi, su jera wani kan wani, su sa a tanderun lantarki har zafi ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, gutsattsarin su narke su manne su zama abu ɗaya: kwano, tayil, ɗan kunne, ko adon taga. Idan ya fashe, yawanci sai a zuba shi a shara a ce tsautsayi ne. Ni dai ina ganin wannan asara biyu ce, domin a jikin fasasshen nan amsar take.

Gilashi yana buɗewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya huce, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri. Shi ya sa kofin gilashi mai kauri yake tsagewa idan aka kwara masa tafasasshen shayi: cikinsa ya buɗe, bayansa bai san an yi ba. Gilashi yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja. Kowace tsaga a tanderu daga nan take, wani sashe yana jan wani.

Abu na farko, a ɗauki gutsuren a duba bakin tsagar da kyau. Idan bakin ya yi laushi, ya lanƙwashe, babu kaifi, to tun wuta tana hawa ya fashe, daga baya zafi ya lashe kaifin. Wani lokacin ma a ga ɓangarorin sun ja da baya da juna da ɗan tazara, ko sun sake mannewa sun bar tabo. Wannan gaggawar ɗaga wuta ce. Ta fi kama aikin da aka taɓa gasawa aka mayar karo na biyu, domin yanzu dunƙule ɗaya ne mai kauri, da kuma aikin da ya haɗa baƙi da fari, tunda baƙin gilashi yana riga farin shan zafi. Maganinsa a rage saurin hawa har a wuce digiri 540 ko kusa da haka, inda gilashi ya fara laushi. Idan kuwa bakin yana da kaifin da zai yanki yatsa, kuma ɓangarorin suna komawa daidai in an haɗa su, to a saukowa abin ya faru, ko bayan an fitar da shi.

A saukowar nan ne mafi yawan ɓarna take aukuwa. Yayin da narkakken gilashi yake hucewa, akwai wani tsakanin zafi inda ya daina malala amma bai gama daskarewa ba. A nan ne kaɗai zai iya sakin ɗaurin da ke cikinsa. Dole a tsayar da wutar a wannan mataki har ciki da waje, tsakiya da gefe, su zo zafi ɗaya, sannan a sauko da ita sannu a hankali. In aka tsallake da gudu, fatar waje ta daskare, cikin yana ci gaba da tsukewa yana jan ta, jan kuma ya zauna a ciki din-din-din. Ido ba ya ganinsa. Wata rana ɗan sanyin asuba ko ɗan ƙwarzane ya isa ya kwance shi. Irin wannan tsaga takan yi lanƙwasa, ta ratsa tsakiyar aikin ba ruwanta da launi, ta yi ƙugiya a kusa da gefe.

Kamfanin Bullseye na birnin Fotlan a Amurka, wanda aka kafa a 1974, yana ba da shawarar a riƙe gilashinsa a digiri 482. Jadawalinsa ya nuna yadda kauri yake cin lokaci. Mai kaurin milimita 12 ana riƙe shi awa 2, a sauko da digiri 55 a kowace awa. Mai milimita 25 awa 4, saukowa kuma digiri 15 kacal a awa. Mai milimita 50 awa 8, saukowar ba ta kai digiri 4 a awa ba. Wato idan kauri ya ninka biyu, saurin hucewa yana raguwa kusan sau huɗu. Nan ne masu koyo suke faɗawa rami, su ɗauki tsarin wutar da ya yi musu aiki a kan siririn tayil su ɗora wa kwano mai kauri. Da kamfanin Corning ya zuba gilashin madubin hangen taurari na Dutsen Faloma a 1934, mai faɗin kusan mita 5, kimanin wata goma aka yi ana hucar da shi.

Akwai wani tarko kuma: aikin da ba a narkar da shi ya baje ba, aka bar ado a tsattsaye a kan shimfiɗa. Wani wuri milimita 3, wani wuri 9. Siririn ya huce, mai kaurin yana riƙe da zafi. Gogaggun masu sana'ar sukan lissafa irinsa kamar ya ninka kaurinsa na zahiri, kuma ina ganin gaskiyarsu, don ƙarin awa biyu na lantarki bai kai asarar aikin mako guda ba.

Idan tsagar tana bin iyakar launi, tana zagaye wani ɗigon ja ko shuɗi daidai inda ya haɗu da maƙwabcinsa, to ba laifin wuta ba ne. Gilasan ne jininsu bai haɗu ba. Kowane irin gilashi da gwargwadon buɗewarsa da tsukewarsa, shi ya sa ake ganin lambar wannan gwargwadon, COE 90 ko COE 96, a jikin kwalin na sayarwa. Gilashin taga yana ƙasa da waɗannan, na kwanon gashi irin Pyrex na asali kuwa 33 ne. In aka manna biyu masu bambanci, ɗaya zai tsuke fiye da ɗaya, kuma ko shekara aka yi ana hucarwa ba za su shirya ba. Lambar ma ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin yadda kowanne yake yin kauri yana daskarewa shi ma yana da tasiri. Gwaji ne mai raba gardama. A manna ƙananan gutsattsari a kan gilashi garau, a gasa, a sa tsakanin ledoji biyu masu tace haske, irin na tabarau mai kashe ƙyalli, a juya ɗaya ta gicciye ɗayar a gaban fitila. Inda babu ɗauri za a ga duhu. Inda yake, wani farin haske zai kewaye gutsuren, kuma iya ƙarfin hasken iya girman matsalar.

Wannan ya shafi duk mai son yin aiki da fasassun kwalabe. Masu duwatsun ado na ƙasar Korobo a Gana suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a ƙananan mazubai na yumɓu, su gasa a tanderun itace, abin kuma yana yin kyau, domin dutsen ado ƙarami ne, ja ba ya samun wurin taruwa sosai. Faranti mai faɗin taku guda ba zai yi wannan haƙuri ba. Kwalabe biyu masu launi ɗaya suna iya fitowa daga masana'antu daban. Mafi aminci a yi aiki guda da kwalba guda, ko gilashin taga daga falle guda.

Tsagar da ta yi kamar saƙar gizo daga ƙasan aikin kuwa, mannewa ce. Shafen farin yumɓu da alumina da ake yi wa faifan tanderu ya yi ƙaranci ko ya ɓare, gilashi ya kama faifan, ya zo tsukewa aka riƙe shi. A kankare, a sake shafawa, a bar shi ya bushe sarai.

Saura tanderun kansa. Ma'aunin da ke ciki zafin iskar da ke kusa da shi yake faɗa, ba zafin tsakiyar gilashi ba, kuma in ya tsufa yana iya yin kuskure. Faifan da ya matsu da bango yana sa gefe ɗaya ya riga ɗaya hucewa. Ga masu aiki a Najeriya da Nijar akwai ƙarin damuwar ɗauke wuta. In an ɗauke ta ana tsakiyar riƙon zafi, kada a buɗe murfi don leƙe. A bar shi ya huce a rufe, sannan a mayar da shi wuta a hankali fiye da karon farko, a haura matakin riƙon, a sake hucarwa daga farko. Matuƙar bai riga ya tsage ba, kuma gilasan da ke cikinsa masu jituwa ne, ɗaurin zai saku. Ko da komai ya tafi daidai, kada a fitar da aiki sai ya zo zafin ɗaki, kada kuma a sa masa ruwa ko a kai shi injin goge baki sai washegari.