Kafin Ka Sayi Kwamfuta, Leƙa Cikinta

A wannan makon ni aka ba shafin kimiyya da fasaha, kuma zan yi bayani ne a kan wani abu da ya kusa jawo mana asara a gida.

Yayata za ta rubuta jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. A makarantarsu mutum uku ko huɗu ke zama gaban kwamfuta ɗaya, har a tashi darasi wata ba ta taɓa kibod ba. Baba ya daɗe yana tara kuɗi, Umma kuma ta ƙara da na adashinta. Kuɗin kwamfuta ɗaya ne tak, in aka yi kuskure babu na sake saye. Nan fa gardama ta tashi. Yaya ta ce HP, don ita ta fi gani a hannun mutane. Maƙwabcinmu ya ce babu kamar Dell wajen ƙarko. Ni kuwa na ce Apple, kuma gaskiya tambarinta ne kawai ya burge ni. Daga ƙarshe Baba ya kira Kawu, ƙanin Umma, wanda yake gyaran kwamfuta, ya ce ya raba mana gardama.

Kawu bai zaɓi kowa ba. Ya ce in bi shi shago ranar Asabar. Da na je sai ya buɗe laftof biyu da aka kawo a share musu ƙura, ɗaya HP ɗaya Dell, ya ce in nuna masa bambancinsu. Na duba, na sake dubawa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, duka biyun na kamfanin Intel ne. Ashe yawancin kwamfutocin da muke gani furosesan Intel ko na AMD suke ɗauke da shi, ko wane suna aka rubuta a murfi. RAM ma haka, kamfanoni uku ne ke yin mafi yawansa a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko haɗa laftof ɗin ma sau da yawa ba mai sunan ke yi ba. Akwai kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da ke haɗa wa manyan kamfanoni da dama.

Na tambayi Kawu, to ke nan suna ba shi da amfani? Ya ce yana da shi, amma a wurin da ba mu cika dubawa ba: ƙarfin gangar jiki, ingancin kibod, maƙalar murfi da ake buɗewa ana rufewa kullum, da fankar da ke fitar da zafi. Sai kuma samun kayan gyara. A kasuwanninmu ba a shan wahalar neman caja ko batir ko sikirin na HP da Dell da Lenovo, don su suka fi yawa.

Wani abin da ban sani ba shi ne kowane kamfani yana da 'ya'yan bora da 'ya'yan mowa. Akwai waɗanda ake yi wa ofisoshi, kamar EliteBook da ProBook na HP, Latitude na Dell, da ThinkPad na Lenovo, wanda asalinsa na IBM ne kafin Lenovo ta ƙasar Sin ta sayi sashen kwamfutocinta a 2005. Akwai kuma na gida masu sauƙin kuɗi, irin su Pavilion da Inspiron da IdeaPad. Na ofis an fi ƙarfafa jikinsu, kuma galibi sun fi sauƙin kwancewa. Saboda haka tambayar "HP ko Dell" ba ta da amsa sai an ce wace HP, wace Dell. Manyan ofisoshi a Turai da Amurka sukan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, shi ya sa irin waɗannan suka cika kasuwar kayan hannu da muke kira Beljiyam ko tokumbo.

Ita Apple ɗin da nake so fa? Tana da kyau, batirinta yana daɗewa, musamman tun da suka fara amfani da furosesansu na M1 a 2020. Amma tana da tsada, RAM ɗinta a manne yake ba a iya ƙarawa, kuma ba Windows take amfani da shi ba. Da Kawu ya faɗi kuɗin ko ta hannu ce, ni da kaina na janye maganata.

Yanzu ga inda muka kusa faɗawa rami. Ranar da muka je kasuwa, wani mai shago ya fito da laftof mai sheƙi, ya nuna wa Baba 'yar takardar da ke manne a jikinta, ya ce, "Alhaji, Core i7 ce, babu sama da ita, kuma zan yi maka ragi." Baba ya ji daɗi, har ya fara lalubar aljihu, don kowa ya san bakwai ta fi biyar. Kawu ya ce, "Malam, ɗan dakata tukuna." Ya kunna ta, ya danna Ctrl da Shift da Esc a tare, sai wani shafi ya buɗe mai suna Task Manager, inda ake ganin ainihin abin da ke ciki. An rubuta i7-3520M.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da na fi so ku riƙe. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubin furosesa. Lamba 3 tana nufin zubi na 3, wanda ya fito a 2012, wato kusan sa'ana ne. A shago na gaba mun ga wata mai i5-8250U, zubi na 8, na shekarar 2017. A cikin furosesa akwai sassa masu aiki kamar ma'aikata. Wancan i7 ɗin yana da biyu, wannan i5 ɗin yana da huɗu, kuma bai kai shi shan batir ba. Ashe biyar tana iya fin bakwai. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa.

Akwai wani dalilin kuma. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma a ƙa'ida Windows 11 tana buƙatar furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya sayi ta ƙasa da haka ya sayi abin da aka riga aka wuce.

Bayan furosesa sai RAM. Ku ɗauke shi kamar bencin ajinmu. In mutum uku suka zauna a benci ɗaya, kowa ya baza littattafansa, sai rubutu ya gagara. Haka kwamfuta mai RAM 4GB take yi in ka buɗe abubuwa da yawa. Kawu ya ce kada mu sauka ƙasa da 8GB. Sai ma'ajiya, kuma iri biyu ce. Akwai tsohuwa, HDD, mai faifai da ke juyawa a ciki, wadda faɗuwa ɗaya kan iya lalata ta. Akwai SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, kuma ta fi sauri nesa ba kusa ba. Masu shago suna son cewa "500GB ce" ko "1TB ce" don lambar tana da girma, amma ga ɗalibi SSD mai 256GB ta fi amfani.

To me zai hana mutum ya haɗa tasa da kansa? Wannan tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a kai, musamman da na ji cewa Michael Dell yana ɗalibi a Jami'ar Texas ya fara sana'arsa a 1984, yana haɗa kwamfutoci a ɗakin kwanansa. Laftof dai ba a cika haɗa ta a gida ba, ta tebur ake haɗawa. Ana buƙatar furosesa, babban allon da komai ke hawa kansa wanda masu gyara ke kira madabod, RAM, SSD, akwatin da ke rarraba wuta, da gangar jiki. Masu wasannin kwamfuta suna ƙara katin hoto na Nvidia ko AMD, kuma su ne suka fi cin ribar haɗawa, don suna zuba kuɗinsu a inda suke so kawai.

Aikin bai kai yadda nake tsoro ba. Na taimaka wa Kawu ya haɗa ɗaya, kuma da sukudireba ɗaya muka yi kusan komai. Wahalar tana wajen dacewar kaya. Furosesan AMD ba ya zama a madabod ɗin Intel. RAM mai DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, don tsagar da ke ƙasansa ba a wuri ɗaya take ba. Na so in danna da ƙarfi, Kawu ya riƙe hannuna, ya ce abin da bai shiga da lallami ba, ba gidansa ba ne.

Duk da haka ban ba Baba shawarar mu haɗa ba. Sababbin kayan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin dala. Bayan an haɗa kuma sai an sayi sikirin da kibod da linzami daban. Babbar matsalar ita ce wuta. Kwamfutar tebur ba ta da batir, NEPA na ɗaukewa take mutuwa, aikin da ba ka adana ba ya tafi, sai dai in ka ƙara sayen UPS. Laftof kuwa cajarta sau da yawa wat 45 ce ko 65, ƙaramar sola ma tana iya ɗaukarta. A ganina irin haɗawar da ta dace da aljihunmu ita ce a sayi ta ofis ta hannu mai lafiyayyen jiki, a ƙara mata RAM, a sauya mata HDD da SSD. Amma a tambaya tukuna ko RAM ɗin yana cirewa, don wasu siraran laftof nasu a manne yake.

Haka muka yi. Mun ɗauki mai i5 ɗin nan. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kada a ce talla nake yi. Kafin Baba ya biya, Kawu ya cire caja ya bar ta tana aiki kusan rabin awa yana kallon yadda batir ke sauka, ya sa ni danna kowane harafi na kibod, ya gwada duk ramukan USB, sannan ya sa mai shagon ya rubuta a rasit cewa za mu iya mayarwa cikin mako ɗaya in ta ba da matsala. Da canjin da ya rage ya ƙara mata RAM, kuma ni na ɗaure noti na ƙarshe.

Akwai ɗan ƙarzane a murfinta, Yaya ta rufe shi da sitika. Yanzu kullum bayan sallar isha'i tana gwada tsofaffin tambayoyin JAMB a kai, ta daina neman haruffa da yatsa ɗaya. Ni kuma an ba ni Asabar da safe, da sharaɗin in rufe ta da ƙyalle in na gama saboda ƙura.